Bandakin jirgin ruwa: wanne ya cancanci kudinka

Wanda bai taba kwana biyu a kan ruwa da toshasshen bandaki ba, shi ne yake ganin inji kadai ke bata tafiya. Ni na sha, shiyasa bana sauraron dadin bakin mai sayarwa.

Na lantarki mai nike kazanta, danna maballi kawai kake, amma yana shan batir, ga kara da tsakar dare, ranar da bako ya jefa tsumma kuwa sai dai hakuri. Irin su Porta Potti bandakin tafi-da-gidanka ne mai dan tankin tara kazanta a kasa, ya yi wa karamin kwale-kwale na yawon yini daya. Wanda yake raba fitsari da bayan gida masu shi na yabonsa, ni dai daukar jarkar fitsari duk bayan kwana biyu ba nawa bane. Na famfon hannu irin na Jabsco shi ya fi yawa kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu, to amma yana son giris akai-akai, kuma wannan bawul din roba mai kama da bakin agwagwa da ke hana kazanta komowa, kusan duk shekara sai ka canza shi.

Nawa dai na famfon hannu ne kirar Lavac, ba boye-boye. Kwanon kansa babu wani abu mai motsi a ciki, murfin da mazaunin ne ke da zoben roba, in ka gama sai ka rufe, ka buga famfon wajen sau 8 zuwa 10, iskar ciki ta zuke, kazanta ta fita, ruwan wanki kuma ya shigo da kansa. Famfon daban yake a jikin bango, irin wanda ake kwashe ruwan kasan jirgi da shi ne, hanyarsa mai fadi, in wani abu ya makale ka kwance murfin gaban ka ciro, ba sai ka wargaza komai kana durkushe jirgi na jijjiga ka ba. Aibinsa daya, bayan ka buga murfin yana kamewa na dan lokaci sai iska ta koma ta wani dan mitsitsin rami a tiyon shigowa, wanda bai sani ba sai ya ta fizga har ya lalata robar, don haka ka koya wa baki tun kafin a tashi.

Amma wallahi ko zinari ka saya, in aka hada maka da tiyon banza ka yi asara. Nan aka cuce ni. Wani ya sayar min da farin tiyo yace na bandaki ne, ashe na ruwa ne kawai, wata shida ba a yi ba jirgin ya dau wari, na wanke kwano na wanke tanki, a banza, ashe warin ta jikin tiyon yake ratsowa. Gwajin ba wuya: jika tsumma da ruwan zafi, nade tiyon, in ya huce ka shinshina, in da wari tiyon ya mutu. Fadin tiyon fita milimita 38 ne, na shigowa 19, kuma ka duba rubutun da ke jikinsa, in babu komai ajiye musu kayansu. Haka bawul mai bakin agwagwa na jabu, a leda kamar na gaske, sati uku lebensa ya saki, ka tashi da safe ka tarar abin jiya ya dawo kwano. Zoben daure tiyo ma akwai ha'inci, jikin ba ya tsatsa amma sukurun karfen banza ne, tafi da maganadisu, in ya cafke sukurun da karfi bar shi. Duk mahadar da ke kasa da layin ruwa, wato iya inda ruwan teku ya kai a jikin jirgi, zobe biyu ake sa mata. Kuma in kwanon na kasa da layin ruwa, dole tiyo ya hau sama ya lankwaso da bawul din shan iska a kololuwa, in ba haka ba teku zai zuko ta bandaki ya cika jirgin kana barci.

Kar ka yarda wani makaniki ya jona maka tankin ruwan sha da bandakin da aka yi don ruwan teku, kazanta na iya komawa tanki.  Farar kazanta mai tauri da ke cushe tiyo kuwa haduwar fitsari da ruwan gishiri ce, kofi biyu na binega duk wata na rage ta, bilic dai kar ya kusanci roba.