Hattara da masu tallan solar da wai za ta ɗumama ɗaki

Jama'a, ku yi hattara. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 janareto ya gagari talaka, kowa ya koma neman sola, 'yan damfara kuwa kakarsu ta yanke saƙa.

A nan Jos nake, kun san sanyinmu. Gab da hunturun bara na ga talla a Facebook: farantin sola ɗaya mai wat 550, batir mai 200Ah (ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa) da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida), wai za su riƙe fitilu da talabijin har da hita ta ɗumama ɗaki dare guda. Mahaifiyata ba ta jure sanyi, gwiwoyinta ke riƙewa, shi ya sa ban tsaya dogon bincike ba. Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami, aka kawo kaya a Keke Napep ba rasit, na cika sauran.

Daren farko muka kunna hita bayan isha'i. Ko minti 15 ba a yi ba inbata ta fara ƙara, wuta ta ɗauke. Hajiya tana ƙudundune cikin bargo ta ce, "Bari kawai, ɗana, Allah ya isar maka."

Washegari mai gyara ya zo da tef ɗin awo. Farantin wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa ya ɗan wuce mita 1. Nawa mita ɗaya da rabi ne. Ya sa farce ya ɓare takardar bayansa, sai ga wata a ƙasa: wat 150. Batirin ma tsoho ne aka goge aka manna masa sabon tambari, kawunansa duk sawun tsohuwar waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafin da ya yi mini. Ko da kayan na gaske ne, batir mai bolt 12 da 200Ah bai wuce wat 2,400 na awa ɗaya ba, kuma irin mai ruwa rabinsa kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko. Hita mai wat 2,000 za ta lashe wannan rabin cikin kusan minti 30. Ashe tun daga tallan ƙarya ce. Duk abin da ke yin zafi, hita ko dutsen guga ko butar lantarki, haka yake zuƙe batir.

Kada ku biya ko sisi sai kun je shago da mai gyaranku, an auna a gabanku, an rubuta muku rasit da garanti. Ni dai wanda ya sayar mini da kayan ya toshe lambata. Makon jiya na sake ganin hoton farantin nan, an canza wa shafin suna kawai.