Hayar rigar yaye ɗalibai: kaya masu kyau, wa'adi mai tsauri

A Ingila da Amurka, galibin jami'o'i ba su da rumbun riguna na kansu. Suna ƙulla yarjejeniya da kamfani guda, shi zai ɗinka riguna da huluna bisa launin da jami'ar ta amince da shi, ya kawo su harabar makaranta a makon biki, ya kwashe bayan an watse. Sana'a ce tsohuwa. Ede & Ravenscroft na Landan tun 1689 suke ɗinki, a Amurka kuma Jostens da Herff Jones sun daɗe a cikinta. Tunda kamfani ɗaya jami'a take ɗauka, yawanci ɗalibi ba shi da zaɓin mai ba da haya. Abin da ya rage masa shi ne ya san tsarin, don ya kauce wa ramukan da ke ciki.

Kayan uku ne: riga, hula mai faffaɗan kai da tuntunta, da mayafin baya, wato ƙyallen nan mai launi da ake ratayawa a wuya ya sauka a gadon baya. Ta fannin inganci, rigar haya ta fi irin wadda ake sayarwa don sawa sau ɗaya. Yadinta ya fi kauri, tana da tattara a kafaɗa, tana zubowa da kyau a hoto. Ta sayarwar kuwa foliyesta ce mai shara-shara, da rana ta haska sai a ga kayan ciki. Amma kaurin nan yana da nasa farashin. Baƙar riga mai nauyi a kan kwat, a taron da zai kai awa biyu ko uku, ga jiran layi kafin a shiga, gumi ne zalla. Kaya marasa nauyi a ciki sun fi.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne awo, kuma yawanci laifin mai oda ne. Fom ɗin intanet yana neman tsayi da girman kai, wasu su ƙara da faɗin ƙirji. Mutane suna cike tsayi da ka, su ƙara wa kansu inci biyu, sai riga ta zo tana neman sharar ƙasa. Riga mai kyau a tsakiyar ƙwauri take tsayawa. Idan ta wuce haka, matakalar dandamali za ta kama ta a gaban jama'a. A tsaya jikin bango a auna da takalmin da za a saka ranar. Kai kuma a zagaya shi da tef ɗin tela ta tsakiyar goshi, kamar santimita biyu sama da kunne. Yawancin manya suna tsakanin santimita 54 da 60. Mai kitso, mai tarin gashi da mai sa ɗankwali ko hijabi su auna da abin da zai kasance a kansu ranar, domin hular da ta zauna daidai a kan gashi kwance ba za ta shiga kan sabon kitso ba. Idan awo ya faɗo tsakanin lamba biyu, a ɗauki babbar. Hula mai sako-sako ana riƙe ta da fil ɗin gashi biyu, matsattsiya kuwa ba ta da magani sai ciwon kai.

Mayafin baya shi ne ya fi cancantar a tsaya a duba, domin shi ke faɗin abin da mutum ya karanta. A Amurka akwai ƙa'ida da jami'o'i suka tsara tun 1895: na digirin farko ƙafa uku ne tsayinsa, na biyu ƙafa uku da rabi, na dakta ƙafa huɗu, karammiskin bakinsa kuma faɗinsa inci biyu, uku ko biyar bi da bi. Launin karammiskin na fanni ne: fari na adabi da fasaha, ruwan zinare na kimiyya, kore na likitanci, shunayya na shari'a, ruwan lemo na injiniyanci, shuɗi mai haske na ilimin koyarwa. Shafin ciki kuma launin jami'ar ne. A Ingila babu ƙa'ida ɗaya, kowace jami'a da nata tsarin. Kuskuren da ke faruwa shi ne ɗalibi ya zaɓi sunan sashensa a fom, alhali sunan digirin ake nema. Wanda ya karanta tattalin arziki, misali, digirinsa yana iya zama na fasaha (BA) a wata jami'a, na kimiyya (BSc) a wata. A duba abin da aka rubuta a wasiƙar kammala karatu a kwafa yadda yake.

Sai matsalar zamewa. Nauyin mayafin yana baya, don haka kullum yana jan gaban sama har ya shaƙe wuya. Akwai ɗan madauki a gabansa da ake maƙalawa a maɓallin taguwa. Wanda kayansa ba su da maɓalli ya zo da fil huɗu masu makulli, biyu na kafaɗu, ɗaya na ƙirji, ɗaya na ko-ta-kwana. Ma'aikatan da ke shirya mutane a wurin karɓa sun iya aikinsu, cikin minti ɗaya sun gyara mutum tsaf, kuma wannan na daga cikin abin yabo a harkar. Amma filansu kan ƙare kafin azahar.

Babban aibin hayar yana wajen lokaci. Bikin yaye ɗalibai ba taro ɗaya ba ne. Akwai gwajin jerin gwano, akwai liyafar tsangaya ko sashe, akwai taron rataya wa daktoci mayafi a jami'o'in da ke yin sa daban, akwai hotuna da iyali a harabar makaranta, sannan babban taron. Duk da haka, haya da yawa ta ranar babban taron ce kaɗai: a karɓa awa biyu kafin a fara, a mayar kafin a rufe tebur da yamma. Wanda danginsa suka makara a hanya, ko abokansa suke da nasu taron washegari, sai ya tarar ya miƙa riga kafin a ɗauki hoton da ya fi so. Kamfanoni da dama suna ba da ƙarin kwanaki a kan ƙarin kuɗi, a mayar ta gidan waya, amma a lokacin oda ake zaɓar wannan, kuma akwatin zaɓin yakan ɓuya a ƙasan fom. A ɗauko jadawalin kwanakin bikin gaba ɗaya a ajiye a gefe kafin a fara cikewa.

Wa'adin oda ma haka. Yakan rufe makonni kafin biki. Wanda ya makara zai biya tara, sannan ya ɗauki abin da ya rage a kan maratayi, ko ya yi masa ko bai yi ba.

Idan an aiko da rigar gida, a fitar da ita daga leda a rataye ta kwana biyu ko uku, yamutsin zai sauka da kansa. Wanda ya ƙi sauka, tururi ne maganinsa. Dutsen guga mai zafi yana sa foliyesta ƙyalli ko ya narkar da ita, kuma wannan ɓarna ce da za a caji mutum a kanta. In dole sai an goge, a rage wuta ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa ƙyalle a tsakani, kada a kusanci karammiski. Kada a wanke ta, kada a fesa mata turare mai mai. Wajen mayarwa a ƙirga kaya uku a gaban ma'aikaci, a karɓi rasit ko a ɗauki hoton lambar da aka shigar. Hular da aka cilla sama ta faɗo a kusurwa takan karye kwalin ciki, ko ta koma hannun wani, kuma mai sunan da ke kan oda ne zai biya.

Ga mai digirin farko ko na biyu, haya ta fi saye nesa ba kusa ba: riga ce ta awoyi kaɗan, kuma ta haya ta fi kyau a jiki. Mai digirin dakta da zai zauna a aikin koyarwa a jami'a lissafinsa daban ne, domin duk shekara zai shiga jerin gwanon malamai. Bayan 'yan shekaru kuɗin haya ya kamo na saye, ga shi rigar da aka ɗinka da awonsa ta fi zama a kafaɗa. Shi ma gara ya yi haya a ranar nasa bikin, ya ga nauyin yadin da tsayin hannun a jikinsa, kafin ya ba da ɗinki.