Littafin kalmomin Girkanci da na siyo a Sabon Gari, da abin da na gano a kan kalmar "sayarwa"

Wata biyu kenan da na siyo littafin nan a wani ƙaramin shagon littattafan Kirista da ke wajen France Road a Kano, na ce sai na yi amfani da shi tukuna kafin in ce komai. Irin wanda James Strong na Amurka ya fara fitarwa ne a 1890, kowace kalmar Ibrananci da Girkanci ta Littafi Mai Tsarki an ba ta lamba, kai dai ka nemi lambar ka ga asalin kalmar da duk inda ta fito. Na hannu ne ba sabo ba, Maman da ke shagon ta ce dubu 18, na ce Mama ki duba ni mana, ta ce ɗana ai ba a kawo irinsa yanzu, da kyar muka tsaya a 15.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake saidawa a Kwari, kuma ina koyar da matasa a majami'armu ran Lahadi, so kalmar da na fara nema ita ce sayarwa. Lamba 4453, poleo, mu dai da bakinmu foleo yake fita. Sau 22 ta zo a Sabon Alkawari kuma ma'anarta ba wani boye-boye, saida kaya ne a karɓi kuɗi irin na kasuwa. Ita ce a Matiyu 21:12 inda Yesu ya kori masu saye da sayarwa daga Haikali har da masu saida kurciyoyi, ita ce kuma a misalin da Yesu ya bayar na 'yan mata goma masu fitilu da aka ce su je wajen masu saida mai. Abokiyar tafiyarta agorazo, wato saye, daga agora take, kasuwa kenan.

Amma inda ya kama ni gaskiya maganar gwara ce. Matiyu 10:29 ya ce gwara biyu ake saidawa a kan assarion ɗaya, ɗan ƙaramin kuɗi ne, sai ka tara 16 kafin su zama dinari ɗaya wanda shi ne ladan lebura na yini. To sai littafin ya kai ni Luka 12:6, kalma ɗaya dai poleo, amma can gwara biyar ne a kan assarion biyu. Na tsaya na yi lissafi a shago, biyu a kan ɗaya ai huɗu ya kamata a kan biyu, to ta biyar ɗin fa? Gyara ce! Irin wadda mai tumatir a 'Yankaba zai jefa maka a leda ba tare da ya ƙirga ta ba. Kuma ayar ta ce ko ɗaya a cikinsu Allah bai manta da ita ba, har da wannan ta gyaran da ko mai saidawa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Shekara nawa ina karanta ayoyin nan daban-daban ban taɓa haɗa su ba, da na faɗa wa matasan nan ajin shiru ya yi.

Akwai wata kalmar kuma, piprasko, lamba 4097, ita ma sayarwa ce amma ita ce aka sa a Matiyu 18:25 inda za a saida bawa da matarsa da 'ya'yansa saboda bashi, da Romawa 7:14 inda Bulus ya ce an saida shi ƙarƙashin zunubi. Kar dai mutum ya zaƙe ya ce kullum nauyi gare ta, don a Ayyukan Manzanni 4:34 an haɗa su biyun a aya ɗaya a kan saida gonaki da gidaje. Sannan a Ayyukan Manzanni akwai wata mata Lidiya ta garin Tiyatira, porfuropolis aka kira ta, mai saida kayan shunayya, ƙarshen kalmar daga poleo ne, ni ina karantawa marinar Ƙofar Mata ce ta faɗo min a rai.

Abin da ban ji daɗinsa ba: rubutun ƙanana ne sosai, da daddare in ba wuta ko da fitilar waya sai ido ya yi zafi, kuma bayanin duk Turanci ne na tsohuwar fassarar King James, sai ka fara sanin kalmar da Turanci kafin ka same ta, wanda Littafinsa na Hausa ne kawai zai sha wahala. Bangon ma ya fara ɓallewa, na kai an ɗinke min.

Shagon kansa matsattse ne, ba wajen zama, kuma ranar POS ɗinsu ba netwok sai da na fita neman kuɗi a hannu. Amma Mama ta san kayanta, ta bar ni na buɗe littafin kusan rabin awa ba ta ce uffan ba, kuma ita ta nuna min yadda ake bin lambobin. In za ku je ku tafi da kuɗi a hannu, kuma ku duba shafukan baya inda ƙamus ɗin Girkancin yake ko sun cika kafin ku biya, don guda biyu ta nuna min, ɗayan shafukan ƙarshensa sun zube.