Kifin Ado: Wa Zai Iya Zama da Wa a Tanki Ɗaya?

Abin da ke yaudarar sabon mai kiwon kifin ado shi ne, yawancin kifayen da ke tankunan mai sayarwa yara ne. Kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, kowanne sai sheƙi yake a ƙarƙashin fitila, har ka ɗauka duk tsaran juna ne. Alhali wani iyakar girmansa ke nan, wani kuma nan da shekara ɗaya ko biyu zai kai kamu guda. Kifi kuwa ba ya kunyar maƙwabci: duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Don haka kafin ka tambayi launi, tambayi girman da kifin zai kai, da halinsa, da irin ruwan da yake so.

Zan yi lissafi da tankin gilashi mai cin lita 60 zuwa 80, mai tsawon santimita 60 ko fiye, ruwansa na tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas. Ƙaramin tanki ya fi arha, amma ya fi wuyar riƙewa, domin ruwa kaɗan nan da nan yake gurɓacewa. Zafin nan na digiri 24 zuwa 26 kaɗai ya isa ya cire golfish, kifin nan mai ruwan zinariya, daga lissafi. Shi kifin ruwan sanyi ne, yana wuce santimita 20, ga yawan kashi. Kyakkyawa ne, amma gidansa daban.

Zaɓi na farko ba kai za ka yi shi ba, ruwan famfonka ne zai yi maka. Ka sayi 'yar takardar gwajin ruwa ka tsoma. Idan ruwan mai yawan ma'adanai ne, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin buta, kuma pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 7, to ka karkata ga kifayen da ke haihuwar 'ya'ya da rai, ba ƙwai ba: gofi, filati da moli. Idan ma'adanansa kaɗan ne, pH na kusa da 7 ko ƙasa, to tetira da rasbora ne za su ji daɗinsa. Ana iya canza yanayin ruwa da magunguna, amma wannan aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma ruwan da yau ya hau gobe ya sauka ya fi cutar da kifi a kan wanda bai cika dacewa ba amma yana tsaye wuri ɗaya.

A cikin masu haihuwa, gofi ya fi kowa farin jini saboda faffaɗar jelar namijin mai launi kala-kala. Ni dai filati nake fifitawa ga mai farawa. Bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, jikinsa a murɗe, ba shi da doguwar jelar da za ta ja hankalin masu cizo, kuma yana jure kurakuran da kowa kan yi a watannin farko. Gofin kasuwa sau da yawa an yi ta haɗa dangi da dangi don neman launi har ƙarfin jikinsa ya ragu. Moli ya fi su girma, yakan kai santimita 10, kuma idan ruwa bai yi masa ba sai ka gan shi yana rangaji a wuri ɗaya kamar mai jin sanyi. Ka bar shi sai ka samu tanki babba. Matsalarsu duka ɗaya ce, wato haihuwa. Macen gofi ko filati takan haihu kusan duk wata, kuma tana ajiye maniyyin namiji a jikinta, ta yadda ko mata zalla ka saya, za ka iya wayar gari ka ga 'ya'ya a tsakanin ganye. Ko dai ka ɗauki maza zalla, ko namiji ɗaya ga mata biyu ko uku don kada ya addabi guda, tare da sanin inda za ka kai 'ya'yan.

A ɗaya ɓangaren, niyon tetira ne ke sace zuciyar kowa: ɗan kifi mai santimita 4, da zane shuɗi mai walƙiya da ja a rabin jikinsa na baya, asalinsa daga kogunan yankin Amazon. Mai zaman lafiya ne, amma ba ya son sabon tanki, kuma shi ne ke fara mutuwa idan ruwa bai zauna ba. Halekwin rasbora, ɗan Kudu maso Gabashin Asiya mai launin jan ƙarfe da baƙin tambari mai kusurwa uku a gefensa, bai kai niyon ɗaukar ido a shago ba, amma ya fi shi juriya, kuma launinsa yakan fito sosai bayan ya saba da gida. Zebira daniyo, ɗan ƙasar Indiya da maƙwabtanta, ya fi su duka taurin rai, sai dai ba ya zama wuri ɗaya. Yini yake yana tsere a saman ruwa, yana firgita kifaye masu sanyin hali, kuma yana tsalle, don haka tanki sai da murfi. Dukansu kifayen ayari ne. Kada ka sayi biyu daga wannan, biyu daga wancan. Shida shi ne mafi ƙaranci, takwas ko goma sun fi. Ayari ɗaya cikakke ya fi guntaye uku kyan gani, kuma kifin da ke cikin 'yan'uwansa ba ya ɓuya a bayan matatar ruwa.

Ƙasan tanki kuma na koridoras ne, kuma a nan ba ni da wata tantama. Ɗan gajere ne mai gashin baki, santimita 5 zuwa 7, yana yini yana tonon yashi da hanci. Lokaci-lokaci sai ka ga ɗaya ya zabura zuwa sama kamar an tsikare shi, ya haɗiyi iska, ya koma ƙasa ya ci gaba da harkarsa. Ba ciwo ba ne, ta hanjinsa yake shan wannan iskar. Shi ma sai an haɗa shida, kuma a shimfiɗa masa yashi ko tsakuwa mai santsi, don mai kaifi tana cinye gashin bakin. Masu sayarwa kan kira shi mai shara, wai yana cin ragowar abinci. Yana ci, amma ragowa ba ta ƙosar da shi. Sai an ba shi nasa abincin mai nutsewa.

Fileko, mai manne baki a jikin gilashi yana kankare gansakuka, shi ne tarkon da na taɓa faɗawa. An ce mini zai riƙa wanke mini tanki. Na saye shi bai kai ɗan yatsa ba, kafin shekara ta zagayo ya wuce tafin hannuna, idan ya juya sai ya tumɓuke shuke-shuke, kashinsa kuwa ya ninka gansakukar da yake ci. Irin wannan na gama-gari yakan wuce santimita 30. Idan kana son fileko, ka nemi mai tsiron gashi a hanci, wanda ake kira Ancistrus a kimiyyance. Shi yana tsayawa a santimita 12 zuwa 15. Ɗaya ya isa, a sa masa guntun icen tanki ya riƙa gwaguya, kuma lita 80 ce mafi ƙarancin abin da zai wadace shi.

Saura kifi guda mai ɗaukar ido, wanda baƙo zai fara nunawa. A nan ne "zo mu zauna, zo mu saɓa" ta fi fitowa. Beta yana da kyau ƙwarai, amma maza biyu ba sa haɗuwa, kuma yakan ɗauki namijin gofi a matsayin kishiya saboda jelarsa. Wani betan yakan zauna lafiya da koridoras da rasbora, wani kuma ba ya yarda da kowa, ba za ka sani ba sai ka gwada, ga mai farawa kuwa wannan caca ce. Anjel yana burgewa, amma tsayinsa daga sama zuwa ƙasa yakan kai santimita 20, yana son tanki mai zurfi, kuma idan ya girma niyon abincinsa ne: ka ƙirga goma da dare, da safe ka tarar da tara. Duwaf gurami yana da launi, sai dai ya yi ƙaurin suna wajen wata cutar bairas da ba ta da magani. Wanda na fi natsuwa da shi shi ne gurami mai launin zuma. Santimita 5 ne kacal, yana tafiya a hankali yana taɓa ganye da siraran fukafukansa biyu masu kama da zare, ba ruwansa da kowa. Ka dai bar 'yar tazara tsakanin ruwa da murfi, don yana hawa sama ya shaƙi iska.

Akwai waɗanda za ka wuce su kawai. Oska da bala shak suna kai santimita 30, kilawun loc ma haka. Taiga bab ƙarami ne amma gwanin yagar jelar wasu, bai dace da gofi, beta ko anjel ba. Sikilid na Tafkin Malawi kuwa mafaɗata ne, tankinsu daban.

Idan ruwanka mai ƙarancin ma'adanai ne, a lita 80 ka haɗa rasbora takwas, koridoras shida da gurami mai launin zuma ɗaya. Idan mai yawan ma'adanai ne, filati huɗu ko biyar da koridoras shida na nau'in buronz, wanda ba ya zaɓen ruwa sosai. Zai yi maka kamar tankin bai cika ba. Bar shi haka, za su girma.

Kuma ba rana ɗaya ake zuba su ba. Kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin matatar ruwa su ke mayar da ita naitirait, shi ma guba, sannan naitiret mai sauƙin illa, wanda kake ragewa da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Kafin ƙwayoyin nan su kafu akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, ana ɗiga musu amoniya ko ɗan abincin kifi, ana gwadawa har amoniya da naitirait su koma sifili. Daga nan ka fara da ayari mafi juriya, bayan mako biyu ka ƙara na gaba, gurami ko beta ya shigo a ƙarshe don kada ya ɗauka gidan nasa ne shi kaɗai.

Ranar saye, kada ka tsaya kallon kifin da kake so kaɗai, ka dubi tankin gaba ɗaya. Mataccen kifi a kusurwa, fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri a jiki, fukafukai a manne, ciki a shafe, ko kifi yana haki a saman ruwa: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka haƙura da tankin, tun da ruwa ɗaya suke sha. Ka roƙi mai shagon ya zuba musu abinci a gabanka, ka zaɓi waɗanda suka yi rububi. Idan ka isa gida, kashe fitila, ka ɗora ledar a kan ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, sannan ka kwashe kifin da 'yar koma. Ruwan ledar a zubar da shi waje, kada ya shiga tankinka.