Littafin tunawa da Inna: yadda aikinmu ya kasance a wani shagon gyaran hotuna a Ringim

Bayan rasuwar Inna, matar kawuna, a daminar da ta wuce, 'ya'yanta suka ɗora mini nauyin tattara hotunanta da taƙaitaccen tarihinta a ɗan littafi guda, domin jikokin da suka tashi suka same ta tana tsohuwa su san daga inda ta fito. Hotunan suna cikin wata adaka a ƙuryar ɗakinta a ƙauyenmu, kuma da muka buɗe sai muka tarar gara ta ci gefen wasu, danshi ya manne wasu da juna. Na yi niyyar kai aikin Kano, amma wani abokina malamin makaranta ya ce in fara gwada wani shago a cikin Ringim da ke gyaran tsofaffin hotuna da buga katin biki. Abin da na gani a can nake so in bayyana, domin gidaje da yawa a karkararmu suna da irin wannan adaka.

Sai an san Inna kaɗan kafin a gane abin da ya faranta mini rai da abin da ya ɓata. An haife ta a birnin Dundee na ƙasar Sikotlan, a bakin kogin Tay, birnin da ya yi suna a duniya wajen saƙa algarara da zaren ramar da ake kawowa daga yankin Bengal, irin buhunan da aka riƙa jera dalar gyada da su a Kano. Mata ne suka fi yawa a masaƙun garin, ita ma a can ta fara aiki tana budurwa, kamar mahaifiyarta. Kawu ya je can karatun injiniya da tallafin gwamnatin Jihar Arewa, suka haɗu, suka yi aure a 1966, sannan ta biyo shi a jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster, tafiyar kusan mako 2 daga Libaful zuwa Apapa, daga Legas kuma jirgin ƙasa ya kawo su Kano, 'yan watanni kafin yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967. Ta musulunta bayan wasu shekaru ba tare da an matsa mata ba. Da Kawu ya yi ritaya ya ce gida zai koma, ba ta ja da shi ba, kuma sun yi shekara 56 tare kafin ya riga ta. 'Yan uwanta na can sun nemi ta koma bayan takaba, ta ce a gaya musu inda aka rufe Malam nan za a rufe ta.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfa, da kwamfutoci 2, da sikana, da firinta, ga sola a kan rufi saboda rashin tabbas na wuta. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda mai shagon ya karɓi kayan. Ya ƙirga hotunan a gabana, guda 27, ya rubuta adadin a takarda ya ba ni, kuma da na miƙa hannu zan raba waɗanda suka manne sai ya ce: "Alhaji, kada ka ja, fuskar za ta biyo bayan ɗaya." Ya ajiye su kwanaki yana rabawa a hankali, kuma guda ɗaya kaɗai ya lalace, wanda tun farko ya gaya mini ba shi da tabbas a kansa. Ya kuma hana ni manne na asali a cikin leda da zafi, ya ce in aka yi haka ba a sake ciro hoto lafiya, alhali da ya yi shiru da ya ƙara samun kuɗi.

A wajen cike gurbin da gara ta ci, ba ni da abin cewa sai yabo. Hoton aurensu an ɗauke shi a bakin kogi, a bayansu ga gadar mota ta Tay da aka buɗe a watan Agusta na shekarar auren, 1966, wadda tsawonta ya haura kilomita 2. Gara ta cinye kusurwar sama har da wani sashe na gadar, tsagewa kuma ta ratsa kafaɗar Kawu. Yaron da ke kan kwamfutar ya tambaye ni sunan gadar, ya nemo hotonta a intanet ya duba yadda ginshiƙanta suke kafin ya cike wurin, bai yi ƙage ba. Da babbar 'yarta ta ga hoton a waya, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Inda muka saɓa shi ne hotonta na ƙarshe, wanda wani jika ya ɗauka da hunturu tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, tana saƙa hular jarirai. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu cikin sanyi a waɗannan shekaru da wuya a ce bai sa hular Inna ba. Yaron shagon ya sa hoton a wata manhaja da ke gyara fuska da kanta, ta share tamojin goshinta, ta goge ɗigon da rana ta yi wa hannuwanta, ta mai da idanunta shuɗi fes alhali nata ruwan toka ne, ta kuma ɓatar da katangar ƙasa da rumbun da ke bayanta aka sa labule mai fure. Matar da ta fito kyakkyawa ce, amma ba wanda zai ce Inna ce. Waɗannan tamoji da ɗigon rana su ne shaidar shekarun da ta yi a wannan ƙasa, tun daga farin 1973 da ta riƙa dama kunu a babbar tukunya ana raba wa maƙwabta, kuma katangar da aka goge ita ce gidan da ta zaɓa da bakinta. Yaron ya yi mamakin ƙin amincewata, ya ce: "Baba, ai kowa haka yake so." Na yarda da shi, domin na ga irin waɗannan hotuna rataye a shagon, iyaye da kakanni duk fuskarsu sumul kamar ta mutum guda. Ina ganin wajibin mai shagon ne ya riƙa tambaya kafin a taɓa fuskar mamaci.

Rubutun ma ya zo da matsala, kuma a nan ina da nawa laifin, domin wani sashe na tarihin ta saƙon murya na aika a WhatsApp. Shafin farko ya ce Inna 'yar Ingila ce. Mu a nan duk Birtaniya Ingila muke ce mata, amma Inna ta shafe rayuwarta tana gyara wa mutane wannan magana cikin Hausarta mai nauyin harshe: Sikotlan ƙasa ce da ta haɗe da Ingila a 1707, tana da babban birninta Edinbara, da dokokinta, tun 1999 kuma tana da majalisarta. Ko kunun safe da gishiri take sha, ta ce haka ake yi a gidansu, sukari sai mutanen kudu. Sunan garinsu kuwa an rubuta shi yadda kunne ya ji, ya koma wata kalmar Hausa da ba a jingina wa mutuniyar kirki, kuma na gode wa Allah da na gani kafin a buga. Haruffa masu ƙugiya ma babu ko ɗaya, ƙasa ta zama kasa, ɗa ya zama da, ga shi tarihi ne da ke cike da maganar ƙasa da 'ya'ya.

Mai shagon bai yi gardama ba. Ya sa aka dawo da hoton yadda yake, aka ƙara masa haske kawai, ya sa wa kwamfutar haruffan Hausa, muka zauna tare yini guda muna bin rubutun layi layi, kuma bai ƙara ko sisi a kan abin da muka yi ciniki ba. Sai dai aikin da ya ce mako 2 ya kai mako 5, na yi zuwa 4 a kan babur, sau biyu ina tarar da katunan biki sun sha gaban namu duk da na ba da kafin alƙalami. Takardar ciki tana da kauri, hotunan sun fito sarai, amma ɗinkin bango da ƙusar waya ne kawai, ban tsammanin zai jure hannun yara. Kuɗinsa bai kai abin da aka faɗa mini a Kano ba, balle a haɗa da kuɗin mota.

Wanda zai kai irin wannan aiki can ina ba shi shawarar ya kai, amma ya rubuta sunaye da shekaru da hannunsa, ya faɗa tun ranar farko cewa tsagewa da cin gara kaɗai yake so a gyara, ya ƙi yarda a buga sai ya ga samfuri a takarda, ya kuma karɓi kwafin hotunan a filas tare da na asali. Mun buga kwafi 60, mun raba a dangi, mun aika 3 zuwa Dundee ga 'ya'yan ƙanwarta. Hoton tabarmar nan shi muka sa a bangon littafin, da rumbun a bayanta da ƙwallon zare a cinyarta.