Sharhina kan irin geron SOSAT: ya yi mini rana, amma sai da tassa

Irin geron nan da ake kira SOSAT ba baƙo ba ne a Arewa. Asalinsa daga Mali ne, aikin haɗin gwiwar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, da masu binciken aikin gona na ƙasar Mali, kuma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ta fitar da shi ga manoman Najeriya a shekarar 2000. Ni dai na daɗe ina jin sunansa kafin in yarda in ba shi gefen gonata a arewacin Katsina, kusa da iyakar Nijar, inda damina kan zo a makare ta kuma tafi ba sallama. Na sayi irin a leda mai hatimi a shagon kayan gona, kuma kuɗinsa ya fi na geron kasuwa nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na saya guda ɗaya ne: yana ƙosawa cikin kimanin kwana 90. Geronmu na gado mai dogon kai, wanda muke kira zango, yana buƙatar ruwa ya ɗan jima. Idan ruwa ya ɗauke a farkon Satumba, sai ka ga zangarniya doguwa abin sha'awa, ka murza ka tarar rabinta ƙaiƙayi ne. A wannan fannin SOSAT ya cika alkawari. Lokacin da na gadon yake fara fitar da kai, shi ya riga ya ɗauki ido, yara har sun fara gasa tumu. Kansa gajere ne amma a cure yake, ƙwayar manya ce, kuma ban ga kuturtar gero ta dame shi ba. Matan gida sun yaba da shi wajen fura da kunu, sun ce yana da gari.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne batun ƙasa. Gonata kashi biyu ce, jigawa da fako. Fakon nan shekara da shekaru mun sallama shi, domin ko ruwa kamar da bakin ƙwarya aka yi, gudu yake a kansa ya wuce, ƙasar ba ta sha. Babu irin da zai yi a wurin, komai sunansa. Wani dattijo da ya yi zama a yankin Tawa ne ya nuna mini tassa, dabarar da manoman Illela ta Nijar suka je suka gani a yankin Yatenga na Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka farfaɗo da gonakin da suka mutu. Rami ake haƙawa tun da rani, faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15, tazarar taki ɗaya tsakanin rami da rami. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa, a zuba takin gida cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara tana bin takin, tana huda ƙasar da ƙananan hanyoyi, ruwan da ya taru ya bi su ya nutse maimakon ya gudu. Idan ruwan shuka ya sauka, sai a shuka a cikin ramin.

Da aka yi tsaikon ruwa a watan Yuli, geron jigawa ya naɗe ganye tun da hantsi, wasu gindin ma suka ƙone. Na cikin tassa yana nan kore shar, in ka tona da yatsa ka ji danshi. Iri ɗaya ne, rana ɗaya aka shuka. Shi ya sa ba na jin daɗi idan na ji ana tallar SOSAT da cewa ba ya jin fari. Yana ji. Abin da yake yi shi ne ya gama da wuri, ya tsere wa farin ƙarshen damina. Na tsakiyar damina kuwa, riƙe ruwa a gindin shuka ne maganinsa.

Aikin tassa fa ba wasa ba ne. Hekta ɗaya tana cin rami wajen 10,000, da diga, a zafin bazara. Mutum ɗaya ba zai iya ba sai da gayya ko ƙwadago, kuma a jigawa ɓata ƙarfi ne don yashi yana cike ramin. Samun takin ma wani aiki ne ga wanda ba shi da dabbobi.

Irin kansa yana da nasa cikas. Da yake shi ke fara ƙosawa a karkara, tsuntsaye duk a kansa suke sauka, sai an tsare gonar safe da yamma. Idan maƙwabta suka shuka shi tare, ɓarnar tana raguwa sosai. Wanda ya yi saurin shuka kuma zai iya tarar da ya ƙosa a tsakiyar marka, shanya ta zama wahala. Gajeren kan nan ba ya ɗauruwa dami yadda muka saba, don haka jera shi a rumbu sai da dabara, mu dai sussuke shi muka yi muka zuba a buhu. Karansa bai kai na zango tsawo ba, mai neman karan danni zai ji a jikinsa.

Akwai kuma maganar ajiye iri. Gero iska ce ke kai masa bunni daga gona zuwa gona, saboda haka idan gonar maƙwabci ta gado ce, a hankali naka zai gauraya, ka ga kai ya bambanta, ƙosawa ta rarrabu. Malaman gona suna ba da shawarar a sabunta irin bayan kamar shekara uku. A kuma kula da inda ake saye: akwai masu auna geron kasuwa a tiya su ce SOSAT ne.

Zan ci gaba da shuka shi, amma ban ba shi gonar duka ba. Fakon nasa ne, cikin tassa, kuma bana zan ƙara haƙa wasu ramukan ta gefen kwari. Jigawar zan raba ta, rabi shi da wake a tsakani, rabi zango saboda kara da kuma shekarar da Allah Ya ba mu doguwar damina.