Tantin Cloud Up 3 a Duwatsun Filato: Inda Ya Yi Ƙoƙari da Inda Ya Gaza

Wanda zai hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos da jaka a baya, ya kwana can ya sauko washegari, tun a hawan farko kafaɗarsa za ta gaya masa ko ya zaɓi tanti daidai. Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800 daga doron teku, garin Jos kansa yana wajen mita 1,200, kuma hanyar duk hawa ne tsakanin manyan duwatsu. Tantin da ake shiga da shi irin wannan wuri sai mara nauyi, mai jure iska, wanda mutum biyu za su kafa kafin hadari ya iso. Cloud Up 3 na kamfanin Naturehike na ƙasar Sin ya cika yawancin waɗannan sharuɗɗa, kuma ya ci kuɗinsa. Sai dai yana da aibu guda uku da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya: ƙofa ɗaya ce da shi, turakunsa ba su dace da ƙasar Filato ba, sannan "mutum uku" da aka rubuta a jikinsa lissafin kamfani ne.

A cikin jakarsa akwai ɗakin ciki, wanda yawancin jikinsa raga ce irin ta gidan sauro, da mayafin waje mai tare ruwa, da shimfiɗar ƙasa, da turaku, da igiyoyin ɗauri. Sandunan na alminiyom ne samfurin 7001, a haɗe suke wuri ɗaya da igiyar roba ta cikinsu, saboda haka babu zancen wani guntu ya ɓace a ciyawa. Duka kayan sun ɗan haura kilo 2 idan mai yadin nailan ne, mai yadin foliyesta kuma ya fi shi nauyi da 'yan ɗaruruwan giram. Idan aka raba uku, wani ya ɗauki sanduna da turaku, wani mayafi, wani ɗakin ciki da shimfiɗa, kowa zai ɗauki wajen kilo guda ko ƙasa da haka.

Cikinsa wajen santimita 215 ne a tsawo, 180 a faɗi, 110 a tsayi daga tsakiya. Tabarmar soso ta zango faɗinta santimita 50 zuwa 60 ne. A jera uku, an cinye faɗin nan kusan kaf, na gefe biyu kuma kafaɗunsu na gogar bango. Jakunkuna uku masu cin lita 50 ko 60 ba su da wurin zama a ciki, ɗan zauren da ke bakin ƙofa kuwa bai wuce takalma da buta da jaka ɗaya ko biyu ba. Gaskiyar magana, wannan tantin mutum biyu ne da kayansu, ko manya biyu da yaro. Uku za su kwana a ciki idan dare ɗaya ne kuma babu mai ƙiba, amma za a ji jiki. Ayarin mutum huɗu ya sayi biyu. Ayarin mutum biyar ko shida da ke da mata a ciki dama sai an ware musu nasu, don haka lissafin ya koma tanti uku. Ƙananan tantuna biyu ko uku sun fi ƙaton tanti ɗaya amfani a Shere, domin shimfiɗaɗɗen fili mai faɗi yana da wuya tsakanin duwatsun, amma ƙananan sarari na mita uku-uku ba a rasa su.

Tsayin santimita 110 na zama ne kawai, ba a miƙewa a ciki. Don sallah da girki da hira, ayari ya riƙe tamfol mara nauyi mai mita 3 a kowane gefe, a ɗaura shi da sandunan dogarawa ko a jikin bishiya.

Wurin da mai saye ya fi rikicewa shi ne zaɓen yadi, domin tantin iri biyu yake zuwa. Akwai mai lamba 20D, siririn nailan da aka shafe da silikon, kamfanin ya rubuta masa milimita 4,000 na jure ruwa. Akwai kuma mai lamba 210T, foliyesta, mai milimita 3,000. Ma'anar waɗannan milimitoci ita ce tsayin ruwan da za a tara a bututu bisa yadin kafin ya fara naso. Dukansu biyu sun ishi ruwan Jos, har na watannin Yuli da Agusta da ake kwana ana yi, don haka kada lambar 4,000 ta ruɗi kowa. Bambancin gaske yana wani wuri. Nailan yana shan ruwa ya saki jiki. Tantin da aka ɗaure tamau da magariba, ruwa ya sauka ko raɓa ta faɗi, kafin tsakar dare mayafin ya yi laushi ya kwanto kan ragar ciki, nan ne ɗigo ke farawa. Dole wani ya fita ya sake jan igiyoyi. Foliyesta ba ya saki haka, yana saurin bushewa, kuma ya fi jure rana, wadda a tudu irin na Filato take cin yadi fiye da yadda sanyin iskar ke sa mutum ya zata. Ga mai tafiyar kwana ɗaya ko biyu a kewayen Jos, 210T ya fi dacewa, ga shi ya fi araha. Wanda ke tafiyar kwanaki da yawa a ƙafa, yana ƙirga kowane giram, shi ne 20D zai yi wa rana.

Kafa shi ba wuya, mutum biyu da suka saba za su gama cikin minti goma. A share wurin tukuna, a tsince ƙayoyi da tsakuwa masu kaifi, a duba ko akwai hanyar tururuwa ko shurin gara kusa. A shimfiɗa shimfiɗar ƙasa, a ɗora ɗakin ciki a kai, a kafe kusurwoyi huɗu. A haɗa sanduna a hankali, kowace gaɓa ta shige 'yar uwarta har ƙarshe. Gaɓar da ta shiga rabi ita ce ke tsagewa a baki da zarar an lanƙwasa sandar, kuma yawancin karyewar sanda daga nan take. A zura kan sandunan cikin zobban kusurwa, a rataya ƙugiyoyin ɗakin ciki, a yafa mayafi, a ɗaure maɗauransa na ciki a jikin sanduna, sannan a ja igiyoyi. Waɗannan maɗaurai na ciki mutane suna yawan tsallake su, alhali su ne ke sa ƙarfin igiya ya kai ga sanda. Idan babu su, yadi kawai igiyar ke ja. A kuma tabbata shimfiɗar ƙasa ba ta leƙo waje da mayafi ba ko da ɗan yatsa, don duk ruwan da ya zubo daga rufi za ta tare shi ta kai shi ƙarƙashin masu barci.

Tunda ɗakin ciki ake fara tsayarwa, idan ruwa ya riga ya sauko ragar za ta jiƙe kafin a rufe ta. Dabarar ita ce a kafa sanduna a zobban shimfiɗar ƙasa, a yafa mayafi, sannan mutum ɗaya ya shiga ya rataya ɗakin ciki daga ƙarƙashi. Akwai ɗan wahala, gara a gwada a tsakar gida kafin ranar buƙata.

Sai turaku. Waɗanda ke zuwa da tantin siraran alminiyom ne, suna riƙe ƙasa mai laushi ta damina da kyau. Da rani kuwa jar ƙasar Filato takan bushe ta zama kamar siminti, bugu biyu da dutse sai turke ya lanƙwashe. Maganinsa yana shagon kayan gini: ƙusa mai inci 6 guda takwas, a zura wa kowace wosha don kada igiya ta zame. Sun fi nauyi, amma suna shiga. A kafa su a ɗan karkace, kai na kallon nesa da tanti. A kan falalen dutse, inda ko ƙusa ba ta da aiki, a ɗaura bakin igiya a ƙaramin dutse kamar dunƙulen hannu, a ajiye shi, a danne igiyar da babban dutsen da sai hannu biyu ke ɗagawa, ta yadda ƙaramin zai tokare a bayan babban. Don haka a ƙara igiya mai kaurin milimita 2 ko 3, kamar mita 15, a cikin jaka. A sa tsumma ko tsohuwar safa inda igiyar ke gogar dutse, in ba haka ba iskar dare ɗaya ta isa ta tsinka ta.

Ta fuskar iska, bayan tantin ya fi gabansa ƙasa, shi ake juya wa inda iskar ke fitowa. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, wani lokaci har da ƙanƙarar da Jos ta saba gani. Saboda haka ƙofa ta kalli yamma a mafi yawan lokuta. Idan an ja duka igiyoyin yana tsayuwa da kyau a iska matsakaiciya. Iskar da ta buge shi ta gefe ce ke lotsa bangonsa, domin gefen dogo ne kuma babu sanda a tsakiyarsa. Kada a kafa a kan tsololon dutse ko ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai saboda tsawa, kada kuma a kafa a busasshen rafi komai kyan yashinsa, don ruwan da aka yi a sama yana iya saukowa cikin dare. A nisanci bakin tsofaffin kududdufan haƙar kuza da suka cika gefen Jos da Bukuru da Barikin Ladi, gaɓarsu tana zaftarewa. A kauce wa burtalin shanu. Kafin duk wannan, a je a gaida mai unguwar wurin, a nemi izini, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a kuma tambayi halin tsaro na wannan makon.

Ragar ciki alheri ce da damina: sauro ba ya shiga, iska na ratsawa, kunama ma ba ta da hanya muddin zif a rufe yake. Da sanyin Disamba da Janairu kuwa, lokacin da daren Jos kan sauka ƙasa da digiri 10, ragar nan ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan, ƙurar hunturu kuma tana bi ta ƙasan mayafi ta sauka a fuska. Ɗumin sai dai daga jakar barci da tabarma mai kauri da hula da safa. Mutane kan toshe tagar iska don gudun sanyi, da asuba su tarar rufi na ɗiga su ce tanti ya yi yoyo. Numfashinsu ne ya taru a jikin mayafi mai sanyi ya zama ruwa. A bar tagar a buɗe, a ɗan zuge zif ɗin zaure daga sama kamar faɗin tafin hannu, a kuma bar jiƙaƙƙun kaya a waje.

Abu ɗaya ba shi da sassauci: kaskon gawayi, risho ko murhun gas ba sa shiga cikin tanti, komai tsananin sanyi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba, yadin kuma narkewa yake ya manne a fata cikin daƙiƙu. Wutar jin ɗumi ta yi nisan mita biyar aƙalla, ta ɓangaren da iska za ta kwashe tartsatsi ta yi gaba da shi. Da rani a share busasshiyar ciyawa a kewaye saboda ƙunar daji.

Ƙofa ɗaya ita ce aibun da ba shi da gyara. A wajen kai take, don haka mai fita alwalar asuba ba sai ya tsallake kowa ba, amma zai tashi na kusa da shi, kuma takalman kowa da jakarsa suna kan hanyarsa. Idan ana ruwa aka buɗe ta, ɗigo na faɗowa bakin ɗakin ciki. Tantuna irin Mutha Hubba na kamfanin MSR suna da ƙofa biyu da zaure biyu a kusan wannan nauyi, sai dai kuɗinsu ya ninka sau uku ko fiye. Tantunan nan masu araha da ake gani a kasuwa, masu bango ɗaya da sandunan faiba, na wasan yara ne a tsakar gida ko kwanan rani a fili. Sandarsu tana tsagewa ta yi tsini, ɗinkinsu kuma ba a liƙe yake ba.

Zif shi ne zai fara mutuwa a ƙasarmu, ƙura ce ke cinye cikin kansa har ya daina haɗa haƙora. A goge shi da tsohon buroshin haƙori bayan kowace tafiya, kada a shafa masa man gyaɗa ko basilin, ƙura suke tarawa. Idan ya fara buɗewa ta baya, a ɗan matse kansa da filaya kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. A shanya tantin a inuwa ya bushe ƙayau kafin a naɗe, kada a bar shi a but ɗin mota. Laima da zafi suna ruɓar da shafen ciki, ya yi danƙo, ya soma wari, tef ɗin ɗinki ya ɓamɓare. Idan mayafin 20D ya huje, ta ciki ake manna faci, domin gam na yau da kullum ba ya kama fuskar silikon.

Yawanci ta intanet ake odarsa, don haka ranar da ya iso a kafa shi gaba ɗaya. A ƙirga turaku da igiyoyi, a bi ɗinkin mayafi da na ƙasa da yatsa a ga tef ɗin a manne yake, a zuge kowane zif sau goma. Sannan mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗaya ya sakar masa ruwa da tiyo na minti goma sha biyar, ya fi ba da ƙarfi a kusurwoyi da wuraren da igiyoyi suka kama mayafi. Idan babu guntun bututun gyaran sanda a cikin jakar, a samo na alminiyom mai tsawon santimita 12 wanda sandar za ta shige cikinsa, a naɗa masa salatif mai ƙarfi, a jefa shi cikin jakar turaku.